Sunan Da Ba Mai Iya Kira A Gidansu

Mutanen wannan labari su ne Gimbiya da mijinta Muhtari, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Da mahaifinta Malam Usman na Shinkafi, wanda ake kira Shehu. Da Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifin Muhtari.

Gimbiya ta rungume jaririnta, hawaye na zuba.

Gobe suna, ga ta a gidan iyayenta wajen wankan haihuwar fari, amma mahaifinta bai ko leƙo yaron ba. Tun farko bai so ta auri ɗan tasha ba. Ya ɗaura auren, ya kuma ce ƙafarsa ba za ta taka gidansu ba.

Muhtari ya yi sallama, ya durƙusa kusa da ita.

"Hasken idona, mi ya faru?"

"Baba... har yau bai ce da kai uffan ba."

"Ki bar kuka, Gimbiyata."

Sai ga Gwaggo Kulu, wadda ta so Muhtari ya auri ɗiyarta.

"Sunan yanka Hammadu, na wana. Na biyu kuwa Maccido, sunan gidanmu na Zurmi. Mutanen Shinkafi ba su da rabo!"

"Gwaggo, na ji," in ji Muhtari.

Da ta fita, Gimbiya ta dube shi.

"Ka yarda ke nan?"

"Cewa na yi na ji, masoyiya."

Washegari da hantsi maza suka cika zaure, aka raba goro. Gimbiya ta laɓe bayan katanga. Ta hango mahaifinta a gefe, ya kau da kai.

Liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya.

"Sunan yaro Hammadu! Na biyu, Shehu!"

Guɗa ta tashi a cikin gida. Gwaggo Kulu ta riƙe haɓa.



"Kai, yaron ga!"

Muryar mahaifinta ce. Gimbiya ta dafe bango.

"Na'am, Baba," in ji Muhtari, kansa a ƙasa.

"Ka sa sunan ubanka, ka ƙara da nawa. Kai ba ka faɗin ko ɗaya, ɗiyata ba ta faɗin ko ɗaya. To, da wane baki za ku kira shi cin tuwo?"

Muhtari ya sosa ƙeya.

"Wallahi Baba... ban hango nan ba."

Zaure ya kece da dariya. Malam Usman ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya faskara.

"Ku kawo mini takwarana."

Aka miƙo masa jaririn. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya goge ido da hannun riga.

"Surukina, tunda babu mai kiransa a gidanku, dole in riƙa zuwa Ƙaura ina kira maku shi."

Gimbiya ta sulale ƙasa, tana kuka tana dariya.

Da yamma Muhtari ya same ta.

"Kin ga shirmen mijinki?"

"Allah Ya ƙara maka irinsa, abin ƙaunata!"

Ranar da ta koma ɗakinta, Malam Usman da kansa ya raka ta. A ƙofar gida ya tuɓe takalmi, ya shiga yana kiran, "Shehu! Shehu!"

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya ga inda na yi kuskure, don Allah ya gyara mini.