Uban da Ya Ƙi Ɗaukar 'Yarsa

"Wallahi Auta, yau sai kin haɗa kayanki!" Umma ta faɗa wa 'yarta, tana jijjiga jaririyar a tsakiyar falo. "Tun da aka haifi yarinyar nan kin taɓa ganin ya ɗauke ta? Har an fara cewa shakkar jininsa yake yi!"

Auta ta fashe da kuka. Mijinta Tela na tsaye bakin ƙofa, hannaye cikin aljihu.

"Umma, ba haka ba ne..."

"To miƙo hannu, ga ta!"

Sai ya ja da baya. Ai kuwa kafin yamma Umma ta tasa 'ya da jika a gaba, suka bar masa gidan.

Abin da Umma ba ta sani ba, tafukan Tela zufa suke tsiyaya ko ana sanyi. Kofi suɓuce masa yake, almakashi ma sai ya naɗe shi da ƙyalle. Tsokanar da ya sha a makaranta ta sa ya rantsar da Auta kada kowa ya ji. Duk ya dubi jaririyar, gani yake za ta sulluɓe masa ta faɗi a siminti. So ne ya hana shi ɗaukarta, amma wa zai yarda?

Da Auta ta gaji ta kira shi a waya.

"Yaya, na haƙura da zagi, amma ba zan bari a sheganta min 'ya ba. Na tambaya, ana aikin zufar nan a asibiti. Ko ka je, ko in fasa maganar da bakina!"

Ya je. Likita ta ce ƙaramar tiyata ce ta gefen ƙirji, a datse jijiyar da ke sa zufar. "Sai dai zufar tana iya komawa bayanka."

"Ta koma mana, Likita! Ni da ba goyo zan yi ba?"

Ya farka da hannu busasshe ƙarau, ya yi ta shafa zanin gado yana hawaye. Tsoron ne bai fita da wuri ba. Bawan Allah, a shago ya riƙa rungumar ƙullin yadi yana gwaji, maƙwabta na leƙe suna dariya.

Ranar da ya isa gidan Umma, gaban kowa ya zare hannu daga aljihu, ya fayyace komai da bakinsa. Kunya ta rufe Umma.

"Kai ma dai ɗan nan! A kan zufa ka bari na ɗauki alhakinka?"

Da kanta ta ɗora masa jaririyar. Ya riƙe ta gam, yana dariya yana kuka, Auta ma haka.

Yanzu bayan rigarsa kan jiƙe, ko a jikinsa. Ya saki jiki da mutane, har surutu ya koya. Larura dai ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne ya kusa raba shi da iyalinsa, haƙurin Auta da faɗin gaskiyarta suka ceci gidan.

"Kawo ta haka nan, ka isa!" Umma kan ce idan ta zo.

"A'a Umma, ku kun ɗauka kun more. Yanzu layina ne!"