Babin Mai Gyaran Agogo

Ranar da ya fara shiga ofishin editoci na maɗabar jami'a, rungume yake da rubutun littafinsa kamar mai ɗauke da jariri. Matashin malami ne a sashen nazarin zamantakewa. Littafin kuwa, wanda ya rubuta a kan masu sana'o'in hannu da zamani ke neman shafewa, shi ne tsanin da yake fatan takawa zuwa ƙarin girma. Aka nuna masa teburin da ke kusa da taga, inda wata budurwa ke zaune cikin tarin takardu, jan biro a hannunta.

Ta buɗe shafin farko, ta karanta, ta ɗago ido.

"Malam, wannan jimlar taka ina ta nufa? Tun daga saman shafi nake bin ta, har yanzu ban ga inda ta sauka ba."

"Haka ake rubutun ilimi," in ji shi.

"To, Allah ya ƙara wa masu ilimi numfashi."

Ya so ya ɓata rai, dariya ta ƙwace masa. Daga ranar ta raɗa masa Dogon Zance, shi kuma ya sa mata Jan Biro.

Babi-babi yake kawo mata gyara, kuma ba da jimawa ba saƙonninsu suka fi babukan yawa.

"Dogon Zance, na yanke maka rabin shafi a babin masu gyaran rediyo. Kada ka yi kuka, bai ji zafi ba."

"Jan Biro, yanke duk abin da kika ga dama, ki dai bar mini ke."

"Wannan jimlar gajeriya ce. Ka fara samun sauƙi."

Wata rana da yamma ta roƙe shi ya sauke ta a shagon mahaifinta. Da ta nuna masa wani tsohon bene, da ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalarsa, da akwatin gilashi cike da agogo, sai ya gane wurin. Ya san shagon. Ya sha zama a kan bencin nan da rikoda a hannu, lokacin da yake tattara bayanan littafin.

A zama na ƙarshe tsohon mai gyaran agogon ya gaya masa abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Da can shi da ƙanensa suke riƙe da shagon. Wata rana agogon wani babban mutum ya lalace a hannunsa, tsoro ya sa ya ɓoye shi, ya bari aka ce ƙanen ne ya sace. Ƙanen ya bar sana'ar, ya bar unguwar, zumunci ya yanke. Tsohon ya ce, "Ka rubuta idan zai amfani wani, amma kada a gane ni."

Ƙa'idar aikinsu ita ce a sauya sunan wanda aka yi hira da shi. A babin da ya rubuta a kan tsohon ya sauya sunan, ya ɗauka ya sauke amana. Amma ya bar matakalar benen, ya bar tsagaggen farcen babban yatsa, ya bar yadda tsohon ke kifa agogo a kan tebur kafin ya yi magana, domin su ne suka ba babin rai. Masanan da maɗabar ta ba littafin su duba, a kan wannan babin suka fi zuba yabo.

"Ba za ka fito ku gaisa da Baba ba?" ta tambaye shi.

"Wata rana, in sha Allah. Ina da aji."

Ba shi da aji. Tun daga ranar ya riƙe babin, yana kawo mata waɗanda ke bayansa. Kullum yakan ƙudurta cewa gobe zai faɗa mata, kullum kuma idan ta yi masa murmushi sai ya ɗaga goben. Ya san shirun nan ya fi laifin farko muni, domin na farko sakaci ne, wannan kuwa da saninsa yake yi.

A maɗabar akwai jami'in tallan littattafai, wanda ya daɗe yana neman ta tana kaucewa. Yana da cikakken kwafin littafin, kuma ya sha kai gaisuwa shagon nan. Shi ya ajiye mata babin a kan tebur, ya ce ya ga kamar marubucin nata ya manta da shi.

Saƙonta ya same shi a bakin aji.

"Na karanta. Tun ina yarinya nake jin ana cewa baffana ɓarawo ne. Yau na ji gaskiya daga takarda, a ofis, ina riƙe hawaye a gaban mutane. Ka sani tun ranar da ka sauke ni a shagon, ko?"

Ya rubuta bayani mai tsawo, ya goge. "Na sani."

"To."



Washegari ya tafi shagon, ya durƙusa, ya faɗi komai: babin, da shirun, da cewa yana son 'yarsa da aure. Tsohon ya cire gilashin ƙara gani daga idonsa, ya dube shi.

"Shi ya sa yarinyar ke gaishe ni kanta a ƙasa," in ji shi. "Malam, na zaunar da kai kamar ɗana, na buɗe maka cikina. Ka cire mini suna, ka bar ni tsirara. Maganar yini ɗaya ta gagare ka riƙewa, 'yata ce za ka iya riƙewa? Tashi ka tafi."

Bai yi musu ba, domin bai ga kalma ɗaya a ciki da ba gaskiya ba.

Daga nan maɗabar ya wuce, ya shaida wa shugaban editoci cewa ya janye babin. Shugaban ya tuɓe tabarau ya ce, "Ka san abin da kake yi? Sai littafin ya koma hannun masu dubawa daga farko. Ƙarin girman bana ya wuce ka ke nan." Ya ce ya sani. Bai aika mata saƙo a kan haka ba, don kada ya zama kamar yana neman lada a kan gyaran ɓarnar da shi ya yi.

Makonni suka wuce. Idan ya bi ta gaban maɗabar yakan kawar da kai daga tagar. Sai wata safiya wayarsa ta yi ƙara.

"Na ji abin da ka yi daga bakin shugaba. Ban huce ba tukuna. Baba ya ce ka zo da mota, ka zo da babin."

Tsohon ya shiga gaba, ita ta zauna a baya, tsohon na kwatanta masa hanya. Suka tsaya a bayan gari, wurin wani mai sayar da dashen itatuwa, dattijo mai kama da tsohon har a tafiya. Dattijon, wanda shi ne baffan nata, ya ajiye bututun ban ruwa, ya tsaya yana kallonsu.

"Bakina ba zai iya ba," tsohon ya ce da malamin. "Kai ka rubuta, kai za ka karanta."

Ya karanta a tsaye, har inda tsohon ya ce babu ranar da yake buɗe shagon bai dubi gefen da ƙanensa ke zama ba.

Baffan ya goge hannu a jikin rigarsa.

"Yaya, ai na gan ka lokacin da ka sa shi a aljihu."

"Ka gani? Ka yi shiru?"

"Matarka na da tsohon ciki, ni kuwa ba iyali, ko tabarma ban ajiye ba. Wa ya fi dacewa ya tafi?" Ya juya ya dubi budurwar. "Wannan ce cikin?"

Ta fashe da kuka, ta durƙusa a gabansa. Tsohon ya kama hannun ƙanensa da hannu biyu, ya kasa sakinsa. Malamin ya koma jikin mota, domin ya ga wurin ba nasa ba ne. Bai yarda ya gaya wa kansa cewa laifinsa ya zama alheri ba. Alherin na mutanen nan ne, laifin kuma yana nan a wuyansa.

Can ta zo ta tsaya kusa da shi, idanunta jajur.

"Dogon Zance."

"Na'am."

"Idan ka sake ɓoye mini wani abu don kada raina ya ɓaci, ranar ne zai ɓaci."

"Na ji. Ki yafe mini."

"Ka bari in gama kukan tukuna."

Littafin ya fito a shekarar da ta biyo baya, siriri, kuma wani mai sharhi ya rubuta cewa kamar an cire masa wani abu a tsakiya. Ƙarin girman ya zo a makare. Auren ne bai makara ba, domin baffan ya tsaya a kan maganar, ya ce shi dai ya ga yaron da ya iya tsayawa ya karanta laifinsa da bakinsa.

Ranar ɗaurin aure baffan ne ya bayar da ita. Da jama'a suka ragu, tsohon ya kira angon gefe.

"Abin da za ta gaya maka a ɗakinku, ba na masana ba ne."

"Na ɗauki alkawari, Baba."

Tsohon ya ɗora masa hannu a ka.

"Na yafe maka, kamar yadda aka yafe mini. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya rufa muku asiri."

"Amin," in ji baffan daga bayansu. "Yaya, saki yaron nan haka, amarya na jira a mota."