Biznen Tambai

A can wani zamani, damina ta ƙi sauka a wani ƙauye. Kullum mutane su fita roƙon ruwa, kullum su dawo sama fayau.

Ran nan Malam Ilu yana dawowa daga roƙon, sai ya tarar da maƙwabciyarsa Tambai, wata tsohuwar Bamagujiya, tana bizne, wato shuka a busasshiyar ƙasa. Ɗan geron da ya rage mata ke nan. In ruwa ya ƙi, tururuwa ta kwashe.

Ya ce, "Haba Iya! Ke da ba kya salla, da wa kika dogara?"

Tambai ta dangwarar da ƙwaryar iri, idonta ya yi ja. Ta ce, "Kai Ilu, a gabana aka yanke maka cibi! Sau nawa ka fita roƙo?"

"Sau bakwai."

"Ina irinka?"

"Yana rumbu, sai na ga ruwa a ƙasa."

"Sai ka ga ruwa! Sau bakwai ka roƙa, ba ka yarda za a ba ka ba. Ni ban iya roƙonku ba, amma ga abincina na binne. Matsa, kana taka mini rami!"

Malam Ilu ya tafi gida yana huci. Ya buɗe rumbu, ya rufe. Ya buɗe, ya rufe. Can ya ɗebi iri, ya saɓi sungumi, ya nufi gona. Ya ɗaga kai, babu ko gajimare. Ya sari ramin farko.