Shuɗiyar Waya Mai Ratsin Fari

Sufeto Gunarto na cikin shan kofi a ofishinsa da ke Surabaya sai ga Bu Sumiyati, mai dafa abincin biki, ta shigo tana huci, makullin mota a hannu.

"Pak Sufeto, an yi mini sata da rana tsaka, kuma na san ɓarawon."

"Zauna, Bu. Me aka ɗauke?"

"Amfilifaya, na'urar ƙara sautin da motata ta zo da ita daga kamfani. Cak Sodikin na layin Kedungdoro na kai wa ya sa mini sabon rediyo. Na isa gida na haɗa wayar hannuna in ji waƙa, shiru. Washegari na kai ta shagon wani mai kayan sautin mota, Hartoyo, ya ɗaga kujera ya nuna mini wurin wayam, sai filogi yana lilo."

Sufeto ya san Sodikin. Dattijo ne da ya tsufa a cikin wayoyin mota. Kuma sana'ar da mutum zai miƙa maka makullin motarsa ya juya baya, ranar da aka kira ka ɓarawo, ranar ka rufe shago.

Ya tarar da shi zaune a ƙofar shagon, ba mota ko ɗaya. Labari ya riga ya zaga layin.

"Cak, ka taɓa ƙarƙashin kujerar motar nan?"

"Me zan nema a can? Aikina a gaban mota yake. Irin motar nan, Pak, sauti ba ya tafiya daga rediyo zuwa lasifika kai tsaye, sai ya bi ta amfilifaya. Ka cire ta, lasifikokin ko tari ba za su yi ba. Ita kuwa motar da kiɗa ta bar nan."

"To me ya sa ta yi shiru a gida? Ko akwai kuskure a aikinka?"

Sodikin ya haɗe rai. "Tun kana wasan ƙasa nake haɗa waya. Na gwada komai. Aikina ba kuskure."

Ya faɗi haka yana kallon kwalta. Sufeto ya lura.

Ya koma wurin Bu Sumiyati, ya same ta a bayan gida tana juya tukunyar nama.

"Bu, da kika ce shiru, har rediyon ma shiru?"

"Rediyo? Yana yi mana. Ai shi ya ce mini in kauce wa cunkoson hanyar Wonokromo da zan je wurin Hartoyo. Waƙar wayata ce ba ta fita."

"Ba ki gaya mini haka ba."

"Ba ka tambaye ni ba, Pak."

"Da kika isa, kina tsaye ya ɗaga kujerar?"

Ta ajiye ludayi. "A'a. Ya ce in je in sha romon soto a tsallake, zai duba. Da na dawo ne ya nuna mini."

Sufeto ya gane inda aka dosa, amma akwai ramin da bai cike ba. In dai ba a gano abin da ya hana waƙar wayar fita ba, Hartoyo zai ce matar ce ta manta, zargi kuma ya ci gaba da zama a kan dattijon.

Ya sa aka kai motar caji ofis, ya aika aka kira Sodikin.

"Buɗe aikinka a gabana, Cak."

Sodikin ya zaro rediyon, tarin wayoyi suka biyo shi. Ya kama ɗaya ya kai ta dab da hancinsa, ya nesanta ta, ya sake matso da ita. Sufeto ya cire tabaransa ya miƙa masa.

"Idona lafiya lau yake."

"Na sani. Sa dai, don ka faranta wa hukuma."

Ya sa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya zauna a bakin kujera.

"Wayoyi biyu ne shuɗaye, Pak. Mai ratsin fari ita ce ke tayar da amfilifaya duk lokacin da aka kunna. Shuɗiya zalla ta eriya ce, ba ta kawo wuta sai ana jin tashar rediyo. Ita na haɗa. Ban ga ratsin ba."

"Ka ce ka gwada komai."

"Tasha kawai na kunna. Na ji kiɗa, na rufe." Ya share fuska da tafin hannu. "In maganar nan ta fita, yaran layi za su mayar da ni abin dariya."

"Zaɓi ɗaya, Cak. Ko tsohon da idonsa ya fara gajiya, ko tsohon ɓarawo. Na farkon, tabarau ke maganinsa."

Sodikin ya ce, "Rubuta, zan sa hannu."

Shagon Hartoyo sai ƙyalli da ƙarar kiɗa. Saurayi ne mai zaƙin baki, ya taro Sufeto da kujera. Bu Sumiyati da Sodikin da wani Saje da ya rako Sufeto suna tsaye a baya.

"Yaya motar ta iso wurinka?"

"A mace, Pak. Shiru kake ji."

"Har da tasha?"

"Har da ita. Ina sauti zai fito ba amfilifaya? Ai ko mai koyo ya san wannan."

"Madalla, mun yarda a kan haka. Bu, me kike ji da kika tsaya a ƙofar nan?"

"Labarin hanya," in ji ta, ta juya wurin Hartoyo. "Har kai ka ce in rage muryar rediyon."

"Ta manta ne, Pak. Kuma ai da kanta ta ce waƙa ba ta fita."

"Mun gano dalili, mai aikin ya amsa kuskurensa. Waya ɗaya ce, kuma ka fi kowa sanin haka tun da ka kunna motar. Saje, duba ciki."

Ba a sha wahala ba. A cikin kwalin wata sabuwar lasifika aka samo amfilifayar, an naɗe da tsohuwar riga, ƙurar ƙarƙashin kujera ma ba a goge ba.

Hartoyo ya sunkuyar da kai. "Wani ne ya daɗe yana neman irinta a wurina, ba a samu. Na ga tsohon ya riga ya yi kuskure, na ce wa zai yarda da shi."

"Ka ga mutum ya yi tuntuɓe, maimakon ka tare shi sai ka laluba aljihunsa," in ji Sufeto. "Saje, sa masa ankwa."

Masu shaguna suka fito suna kallo aka wuce da shi mota. Bu Sumiyati ta juyo wurin Sodikin, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Cak, na ɓata maka suna a banza. Ka yafe mini."

"Ni ma ai na ɓata miki waƙa, Bu."

Ta miƙa masa makullin a gaban kowa. "In hukuma ta gama da amfilifayar, ka mayar mini da ita, ka gyara wayar."

Sodikin ya karɓa, ya taɓa tabaran da har yanzu ke fuskarsa, ya dubi Sufeto.

"Pak, a ina ka sayi wannan?"