Wilin Da Aka Sauke Daga Bishiya

"Madam, ki yi haƙuri, ba za mu iya da ita ba!"

Makaranta ta shida ke nan da aka faɗa mini haka.

Debby na zaune a ƙasa, ta toshe kunnuwa tana ihu, farar safarta ta yi butu-butu. 'Yata ce, shekararta bakwai, maganarta ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu. Likita ya ce in nemo makarantar da za ta fahimce ta. Bai dai faɗa mini unguwar da take ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, a gida lafiya lau take. To me ke samunta da mun shiga makaranta? Ni kuwa kullum bakwai da rabi a bakin get take mana, don kada a ce uwar ma ba ta da tsari.

Shekari, mai walda a Barnawa, ya raka mu sau biyu. Shi ne ya nemi aurena bayan rasuwar baban Debby, mamarsa kuma ta ce sai dai bayan ranta.

"Duk 'yan matan Kaduna ka rasa, sai mai irin wannan yarinya?"

A gabana ta faɗa.

Daga nan ya fara ɓacewa. In na kira da safe, sai ya ce, "Ina zuwa, masoyiyata..." ya kashe.

Ranar Lahadi bayan sujada, Scholastica, wadda mamar Shekari ke so ya aura, ta tare ni tana murmushi.

"Phoebe, ba gulma ba... kullum da safe mutumin naki na Gonin Gora wurin wata mata. Gida mai shuɗin get, bayan masu gasa masara."

Na rasa abin da ke mini daɗi. Ya gaji da mu ne? To me ya hana shi faɗa?

Litinin na ja hannun Debby muka hau keke. Ban ma san faɗa zan je yi ba ko kuka.

Ashe makaranta ce, 'yar ƙarama. Ga Shekari a kan benci yana kwance tsohon wilin mota daga reshen mangwaro, wata dattijuwa mai furfura na riƙe masa bencin.

"Shekari! Me ke nan?"

Saura kaɗan ya faɗo.

"Phoebe na... wa ya faɗa miki?"

"Amsa mini!"

Ya sauko, ya dubi Debby.

"Sau biyu na raka ku, sau biyun sai da aka buga wilin asambuli ta fara ihu. Ke kina kallon bakin shugaba, ni ina kallon hannun Debby a kan kunnuwanta. Ba ki lura ko kusa da shagona ba ta yarda ta zo ba?"

Ashe ni nake kai ta daidai lokacin da ake buga ƙarfen!

"Makaranta tara na zaga ina roƙon a daina buga wilin, suna mini dariya. Madam Lydia ɗin nan ce ta saurare ni."

"Na koyar da irinta da yawa, 'yata," in ji dattijuwar. "Daga yau tuta za mu riƙa ɗagawa."

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

"Na gaji da ganin kina sa rai ana mayar da ke."

"Mamarka fa?"

"Ba ta sauko ba... ni kuma ban fasa ba."

Ƙarfe takwas aka ɗaga wani jan ƙyalle. Yara suka yi layi shiru. Na ƙanƙame hannun Debby ina jiran ihun.

Sai ta zare hannunta, ta taka a hankali ta tsaya a ƙarshen layi.

Ni ce na yi ihun ranar, a kafaɗar Shekari.

Wilin nan ya mayar da shi murhu, a kansa aka dafa miyar bikinmu a Unguwar Boro. Mamarsa ta zo fuska a ɗaure, ta ci. Da za ta tafi, Debby ta miƙo mata jakarta, ta karɓa, ta daɗe ba ta saki hannun yarinyar ba.