Baƙon Ɗaki na Tara

Malam Rediyo ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Gaggawa ce ta ci shi, da ganin abin hannun mutane.

Shekara goma sha huɗu ya yi yana koyar da aikin waya da gyaran rediyo a wani ɗaki da ke saman shagon tela, har sunan ya bi shi. Da ɗalibai suka daina zuwa, sai ya sayar da gonar da ya gada, da rijiyarta da itatuwanta, ya sayi wani tsohon otal mai ɗaki goma sha biyu kusa da tashar mota. Matarsa ta sha kuka ranar da aka sa hannu. Ya ce ta yi haƙuri, don 'yarsu yake yi. Ita kaɗai Allah ya ba su, Tilo suke ce mata, kuma a kanta ba abin da ba zai iya ba.

To, otal ya samu, baƙi suka ƙi samuwa. Wuni yake a bayan kantar karɓar baƙi, makullai goma sha biyu rataye a allo, ko ɗaya ba ya motsi. Ya share farfajiya da safe, ya sake sharewa da rana don dai a ga yana wani abu. Ba ka jin komai a gidan sai malamin rawa da ke hayar zauren ƙasa da yamma, yana ta "ɗaya, biyu, juya" shi da ɗalibai uku. Tsofaffin ɗaliban Malam Rediyo kuwa sai su wuce a motocinsu suna ɗaga masa hannu. Wallahi wannan ɗaga hannun ya fi komai ci masa rai.

Wani direban babbar mota ne ya yi masa kwatancen boka, ya ce ya tafi da makullin ɗaki ɗaya. Ya zari na tara, ya tafi da rana tsaka, bayan wata masana'anta da aka daɗe da rufewa.

Ɗakin bokan ba taga. Ƙasa a jiƙe take, sanyinta har cikin ƙashi. Ga wata baƙar tukunya a kan duwatsu uku tana tururi, alhali ba wuta a ƙarƙashinta. Ga madubi an juya fuskarsa bango. Abin da ya fi tayar masa da tsigar jiki shi ne ƙyamaren gidaje, tsofaffi, an jingina su a jere, kowane da kwaɗonsa a kulle. Bokan wani siririn tsoho ne, yana zaune yana yanke farce, bai ko ɗago ba.

"Jini za a bayar?" in ji Malam Rediyo.

Boka ya yi tsaki. "Ku mutanen gari kun cika jin labari. Wa ya tambaye ka jini? Baƙo gare ni wanda ba shi da masauki. Ka ba shi ɗaki ɗaya, shi kuma ya cika maka sauran."

"Ɗaki kawai?"

"Ɗaki, da shimfiɗa mai tsabta kullum, da abinci a kan tire. A ƙwanƙwasa kafin a shiga. Makullinsa ya zauna a allo tare da 'yan'uwansa, ba ya son a nuna masa bambanci. Kuma kada a ba kowa ɗakin. Kana da tambaya?"

"Ta yaya zan san yana ciki?"

"In ka ga ƙusar makullin ba komai, yana ciki. Akwai wata tambaya?"

"Babu."

"Ka tuna da kyau. Akwai wata tambaya?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Boka ya karɓi makullin, ya tsoma a tukunyar, ya fito da shi da sanyi kamar ƙanƙara. Ya tsayar da Malam Rediyo a gaban ɗaya daga ƙyamaren, ya ce ya ƙwanƙwasa sau uku ya ce, "Sannu da zuwa, gida naka ne." Ya ƙwanƙwasa, ya faɗi hakan. Daga bayan ƙyauren, inda ba komai sai bango, aka amsa masa da ƙwanƙwasa ɗaya.

A gida ya ce wa matarsa wani babban mutum ne ya kama ɗaki na tara, ba ya son a gan shi. Ita kuwa ta taɓa aikin karɓar baƙi a otal kafin aure, sai ta ce, "Kwana nawa zai yi?"

Ya ce bai sani ba.

"Haba Baban Tilo! Ba ka tambaya ba? Ai wannan ce tambayar farko da ake koya wa sabon ma'aikaci. Kwana nawa, kuma shi kaɗai ne ko da wani."

Ya ce ta cika surutu.

Kafin sati ya zagayo allon makullai ya koma wayam. Motoci suka riƙa lalacewa daidai ƙofarsa, matafiya na tsallake otal biyu masu kyau su zo nasa. Malamin rawa ya rasa inda zai sa ɗalibai. Cikin shekara biyu an ƙara wani bene a sama, an ɗauki masu shara da masu girki, yanzu shi ke ɗaga wa mutane hannu daga cikin mota.

Matarsa ce ke kai tire na tara. Da farko ta ajiye ta fito. Daga baya ta fara daɗewa. Ya tambaye ta, ta ce, "Ya ce ba ya son cin abinci shi kaɗai. Ya ce in zauna." Ta rame, ta daina hira, ta daina ko kiran sunan 'yarta. Wata rana da hantsi aka same ta a kan kujerar ɗakin, hannu a kan teburi, jiki ya yi sanyi.

Ƙanen Malam Rediyo ya karɓi tiren. Wata biyar ya yi. Yanzu haka yana yawo a tasha da tire ba komai a kai, yana ƙwanƙwasa ƙofofin motoci yana jiran a ce ya shigo.

Malam Rediyo ya koma wurin boka a guje, ya ce a sallami baƙon.

"Ka yanka masa kwanaki?" in ji boka.

"A'a."

"To da wane baki za ka ce masa sun cika? Sau nawa na ce ko kana da tambaya?"

Ranar ya san Tilo ce kaɗai ta rage masa, kuma ya rantse baƙon ba zai taɓa ganin ta ba. Tana da shekara sha biyar ya kai ta makarantar kasuwanci a wani gari mai nisa, inda ake koyon buga tafireta da aikin ofis. Ya sauke hotunanta daga bango. Ya hana a ambaci sunanta a gidan. Ko hutu ba ta zuwa. Ma'aikata kuwa da zarar ɗaya ya fara yawan tambaya sai ya sallame shi, har ya zama ba wanda ya san mai gida yana da 'ya.

Shi ya koma kai tiren da kansa. Abin mamaki, shi ba a taɓa ce masa ya zauna ba. Gida cike da mutane, takalma na hawa na sauka, amma ba mai ce masa ya ka kwana don Allah. Shi kaɗai yake cin abincinsa a ofis, yana karanta wasiƙun Tilo da ta buga da tafireta, layi a miƙe ba kuskure. Kowace da abin da take ƙarewa: "Baba, laifin me na yi maka?" Ya share hawaye, ya rubuta mata ta mai da hankali ga karatu.

Shekara shida ana haka. Wata la'asar ya fita duba filin da zai gina otal na biyu. A kantar otal akwai wata sabuwar ma'aikaciya, kwananta uku, ta fito daga makarantar koyon aikin otal da takarda mai kyau. An gaya mata na tara akwai mutum. To amma ta ga makullinsa a allo tun safe, sai ta hau ta duba yadda aka koya mata: gado a gyare, ba jaka, ba takalmi, ba ko tawul a jiƙe. A aikinsu wannan na nufin baƙo ya tafi. Kuma dokar mai gida ce, da bakinsa ya kafa ta, ba a mayar da baƙo matuƙar akwai ɗaki.

Da ya dawo ya ga ƙusar ba makulli, bai damu ba, ya ɗauka mutumin yana ciki. Sai ma'aikaciyar ta tare shi tana murmushi.

"Ranka ya daɗe, yau mun cika taf, har na tara. Wata budurwa ce ta zo da akwati. Ta ce in ta zo a matsayin baƙuwa ba za ka iya korar ta ba. Ta ce in ka dawo in ce maka Tilo ce."

Bai san yadda ya hau benen ba. A ƙasa kiɗa na tashi, malamin rawa na ta "ɗaya, biyu, juya". Ya isa ƙofar, kuma kun ji abin tausayi, maimakon ya banka ta, hannunsa da ya saba sai ya ƙwanƙwasa, ya tsaya yana jira. Sai da ya ji motsin kujera ya tura.

Tana zaune a gaban teburi. Ta girma, kamannin uwarta sak. Kujerar da ke fuskantarta an ja ta baya, ba kowa a kai, ita kuwa ta karkata kai kamar mai sauraron hira mai daɗi.

"Tilo! 'Yata, taso, ni ne, Babanki ne!"

Ta juyo a hankali. Ta dube shi daga sama har ƙasa, kallon da baƙo ke yi wa mai shara.

"Ba mu kira ba tukuna," in ji ta. "Ja mana ƙofar."

Ya ɗauke ta da ƙarfi ya fitar, ta yi ta ihu har muryarta ta tafi, numfashinta ya nemi ɗaukewa, sai da aka mayar da ita ta lafa. Likitoci sun zo, masu addu'a sun zo, kowa ya girgiza kai ya tafi. Baƙon ya sami abokiyar zama, bai ƙara kiran kowa ba. Matafiya suka ɗauke ƙafa, ma'aikata suka gudu, malamin rawa ya kwashe kayan kiɗansa. Mota ta tafi, fili ya tafi, gadaje suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yana nan a gidan, ya tsufa, shi ne mai girki shi ne mai shara. Kullum ya jera abincin mutum biyu a tire, ya hau, ya ƙwanƙwasa ƙofar 'yar cikinsa, ya tsaya. Wata rana a ce ya shigo, wata rana a bar shi a tsaye har abincin ya huce. Ba ta ƙara ce masa Baba ba.

Kai da ke zaune a shagonka ba ciniki, kana ganin na wasu na tafiya, zuciya na raya maka akwai gajeriyar hanya, ka ji tsoron Allah ka zauna inda kake. Boka ba zai gaya maka abin da zai ɗauka ba. Zai bar ka ka tara, ka gina, sannan ya miƙa hannu ya zari wanda ka ce dominsa kake nema.