Sunayen da Aka Sace Ranar Juma'a

Ranar Litinin da hantsi Likita Asma'u ta shiga ofishin Sufeto Muhammadu Lawal a Kazaure. Ko zama ba ta yi ba. Takardu biyu ta ajiye masa a tebur.

"Wannan a kasuwar Roni aka liƙa ta. Wannan kuma a Gwiwa."

Kowace takarda sunaye goma ne da unguwanninsu. A sama an rubuta: Ku guji waɗannan.

"Masu karɓar maganin ƙanjamau ne a asibitinmu," in ji ta. "Na uku a takardar Gwiwa tela ne. Jiya aka ciro gawarsa daga rijiya. Yau ko mutum ɗaya bai zo karɓar magani ba."

"Sunaye nawa ne a wurinku?"

"Ɗari biyu da goma sha ɗaya."

Sufeto ya sake duban takardun. Shekara ashirin da biyu yana bin ɓarayin shanu da masu fasa shago, bai taɓa haɗuwa da ɓarawon da ke kisa da takarda ba. Saura mutum nawa ke nan a hannun wannan?

Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta buɗe asibitin a 2005. Sunayen suna cikin kwamfuta ɗaya tak, wadda ba a haɗa da intanet ba. Mutum uku ke da mabuɗin ɗakinta: likita, da Christy mai shigar da bayanai, da Malam Daudu sakatare.

A asibitin Sufeto ya fara da Malam Daudu. Dattijo ne mai tsafta, igiyar wata ƙaramar na'ura na leƙowa daga aljihun rigarsa.

"Yallaɓai, ni ko kunna ta ban iya ba," ya ce. "Ba na son zargi, amma yarinyar nan tana da ɗan filas ɗin da ake kwasar abu. Kuma ran Juma'a, in mun tafi masallaci, ita kaɗai ke nan."

Sufeto ya sa aka kira Christy.

"Ina filas ɗinki?"

"Ya ɓace, Yallaɓai."

"Yaushe?"

"Tun... tun wancan watan."

Kofur Sama'ilu ya zazzage jakarta. Filas ɗin ya faɗo a kan tebur. Ta fashe da kuka.

"Tsoro na ji! Kowa kallona yake yi tun safe."

"Ran Juma'a kin fita?"

"Na je cin abinci ƙarfe ɗaya, na dawo biyu da rabi. Na bar kwamfutar a kunne, amma na kulle ƙofa."

Ta taga Sufeto ya hango dangin tela sun fara taruwa a bakin ƙofar asibiti. Wani yana kiran sunan Christy. Ya sa Kofur ya rufe ƙofar, ya tsaya a bayanta.

Bayan azahar Injiniya Rhoda ta iso daga Kano. Ita ce ta haɗa kwamfutar tun farko.

"Na'urar nan za ta iya faɗa mini wanda ya taɓa ta?" in ji Sufeto.

"Mutum dai a'a. Amma za ta faɗi abin da aka soka mata." Ta jawo kujera. "A can cikinta akwai wani sashe da muke kira kanel, shi ke iko da komai. Da an soka wani abu a wannan ramin, sai ya tambaye shi: kai wane ne, wane aiki kake yi? Abin ya faɗi sunansa da lambarsa. Sai kanel ya duba jerin direbobinsa."

"Direbobi?"

"Ƙananan manhajoji ne, kowane da irin kayan da ya iya sarrafawa. Kamar tasha, Yallaɓai, 'yan layin Roni daban, 'yan layin Babura daban. Akwai na firinta, akwai na allon rubutu, akwai na ma'ajiya irin su filas. In ya haɗa baƙon da direbansa, sai ya rubuta lokacin."

Rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Ta bi shi da yatsa.

"Ga filas ɗin Christy. Duk Laraba take soka shi, ranar ajiye kwafi. Ba ta soka shi ran Juma'a ba." Yatsan ya tsaya. "Amma ga wani. Juma'ar makon jiya, biyu saura minti takwas. Baƙo ne, bai taɓa zuwa ba. Minti shida ya yi aka zare shi."

"Wani filas ne?"

"Direban filas kanel ya ba shi, don yana da ma'ajiya a cikinsa. Amma sunan da ya faɗi na rikodar sauti ne. Lambarsa ta ƙare da 7731."

Sufeto ya miƙe. Sannan ya leƙa waje.

"Kofur, a kira mini Malam Daudu."

Dattijon ya shigo da sallama.

"Malam, mene ne wannan a aljihunka?"

"Karatu nake saurara da shi, Yallaɓai."

"Ara mana."

Sai da ya ɗan jima kafin ya miƙa. Rhoda ta soka rikodar. Sabbin layuka suka fito a ƙasa. Ta karanta a hankali: "Bakwai, bakwai, uku, ɗaya."

"Ka ce kana masallaci," in ji Sufeto.

"Wataƙila wani ya ɗauka..."

"Ya ɗauka daga aljihunka, ya buɗe ƙofa da mabuɗinka, ya mayar maka ba ka sani ba?"

Malam Daudu ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa.

"Saude 'yata ta rasu da azumi," ya ce. "Shekararta ashirin da uku. Bayan mun binne ta na gane mijinta a nan yake karɓar magani tun kafin ya aure ta. Kullum ta gaban teburina yake wucewa, ya gaishe ni, ban san abin da ke kawo shi ba. Na ce ba za a sake yi wa 'yar wani haka ba. Na zauna ina kallon hannun Christy har na koya."

"Ka kuma so a kashe ta a madadinka."

Bai ɗago ba.

"Ina sauran sunayen?"

"Suna ciki." Ya nuna rikodar da haɓa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Sai dai na Babura. Da safe na ba wani direban mota su a cikin ambulan, na ce takardun sanarwa ne, ya sa a liƙa a tasha."

"Sunaye nawa?"

"Arba'in."

Kofur ya sa masa ankwa, ya fita da shi ta ƙofar baya, nesa da taron. Sufeto ya zaro wayarsa ya kira caji ofis na Babura. Ya dubi agogon bango, huɗu ta wuce. A can wayar tana ta ƙara, ba a ɗauka ba tukuna.